Muhammadu Bello: Sarkin Musulmin da ya san taurari da sunayensu

A ranar 15 ga watan Janairun 2006, wani ɗan akwati da ya rabu da kumbon Stardust na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ya sauka da lema a hamadar jihar Utah.

Abin da ke cikin akwatin ƙura ce wadda duk nauyinta bai kai na ƙwayar gero ɗaya ba. Amma wannan ne karo na farko da ɗan Adam ya ɗebo wani abu daga jikin tauraro mai wutsiya, ya kawo shi duniya domin a bincike shi.

Shekaru 182 kafin wannan rana, a birnin Sakkwato, wani Bature matafiyi ya shimfiɗa taswirar sararin samaniya a gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Sarkin ya riƙa nuna masa taurarin da ke ciki yana kiran su da sunayensu na Larabci.

An fi sanin Muhammadu Bello a matsayin mayaƙi, kuma wanda ya gina Sakkwato, ya zaunar da daular da mahaifinsa ya kafa. Sai dai kuma tarihinsa na da wani ɓangaren da ba a cika ambata ba, wato yadda ya ɗauki sararin samaniya a matsayin abin da ake nazari da lissafi, ya kuma yi gargaɗi game da masu amfani da taurari suna yi wa jama'a duba.

Tasowa a gidan ilimi

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781, wadda ta yi daidai da 1195 bayan Hijira. Mahaifinsa shi ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, sunan mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u.

Ya tashi a Degel da ke ƙasar Gobir, inda ɗalibai ke tururuwa daga sassa daban-daban domin ɗaukar karatu a wajen Shehu. Ya yi karatu a hannun mahaifinsa, da baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo, da kuma wasu malamai na dangi. Ya sami zurfi a Larabci, da tafsiri, da hadisi, da fiƙihu.

A makarantun zaure na wancan zamani, ilimin hisabi da na falaki ba baƙi ba ne, domin addini kansa yana bukatar su. Da rana da inuwa ake gane lokutan salla, da taurari ake gane alƙibla cikin dare, da ganin jinjirin wata kuma ake ɗaukar azumi a ajiye shi.

Malaman ƙasar Hausa sun daɗe suna lissafin shekara da masaukan wata 28, waɗanda ake kira taurari. Kowane tauraro na da kwana 13, in ban da guda ɗaya mai kwana 14, abin da ke ba da kwana 365. An raba su bakwai-bakwai tsakanin bazara, da damina, da kaka, da hunturu, kuma da su manomi ke kintatar lokacin shuka da na girbi.

Ko mutanen karkara da ba su yi wannan karatu ba sun san Zara, da Gamzaki mai fitowa da asuba, da kuma Kaza da 'Ya'yanta, wadda Larabawa ke kira Surayya. A cikin irin wannan al'umma ce Bello ya girma.

Jihadi da gina Sakkwato

Yana da shekara 22 da 'yan watanni lokacin da Shehu da jama'arsa suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, bayan da dangantaka ta yi tsami tsakaninsu da Sarkin Gobir Yunfa.

Bello ya halarci yaƙin Tabkin Kwatto a watan Yunin wannan shekara, inda jama'ar Shehu suka yi nasara. Ya kuma ga munanan ranakun da suka biyo baya a Tsuntsuwa da Alwasa, inda aka yi asarar malamai da mahaddata masu yawa. A shekarar 1808 shi ne ya jagoranci rundunar da ta ci Alkalawa, babban birnin Gobir.

A 1809 ya zaɓi Sakkwato, wadda a lokacin ƙaramin wuri ce a kan tudu kusa da mahaɗar Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, ya mayar da ita mazauninsa, ya kewaye ta da ganuwa. Da Shehu ya raba ayyukan tafiyar da daula a 1812, sai ya danƙa wa Bello yankin gabas, Abdullahi kuma yankin yamma.

A wannan shekarar ce Bello ya kammala littafinsa mafi shahara, Infaƙul Maisuri, wanda har gobe masana tarihi ke dogaro da shi wajen sanin yadda jihadin ya gudana. A ciki ya kawo wasiƙun muhawarar da aka yi tsakanin shugabannin Sakkwato da Shehu Muhammadu al-Aminu al-Kanemi na Borno.

Shehu Usmanu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilun 1817, aka yi wa Bello mubaya'a a matsayin Sarkin Musulmi. Farkon mulkin nasa bai zo da sauƙi ba. Abdussalami ya yi tawaye a Kware, wasu ƙasashen da aka ci sun ɓalle, sannan tsakaninsa da baffansa Abdullahi an sami 'yar ɓaraka game da gadon mulki. Ba a ɗinke ta ba sai bayan 'yan shekaru, lokacin da Bello ya kai wa baffan nasa ɗauki a yaƙin Kalambaina.

Madubin rana

A tsakiyar watan Maris na 1824, Kyaftin Hugh Clapperton, wani hafsan sojan ruwan Birtaniya ɗan asalin Sikotlan, ya iso Sakkwato bayan ya ratso Sahara daga Tarabulus, ya biyo ta Borno da Kano. Ya zauna a birnin har farkon watan Mayu, kuma Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ne ya kula da shi.

Daga littafin tafiyar Clapperton ne aka sami bayani mafi dalla-dalla a kan sanin da Bello ya yi wa taurari.

Clapperton ya ce daga cikin kyaututtukan da ya miƙa a madadin Sarkin Ingila George na Huɗu, babu waɗanda suka ja hankalin Sarkin Musulmi kamar tabarau mai hangen nesa, da kuma kamfas, wato allurar da ke nuna arewa. Sarkin ya yi murna sosai da aka nuna masa cewa da ita mutum zai iya gane gabas a duk inda yake, domin ya fuskanci alƙibla.

Bayan 'yan kwanaki Bello ya aika a kira shi, ya ce ya zo da madubin rana. Wannan shi ne sunan da mutanen Sakkwato suka raɗa wa na'urar da matuƙan jirgin ruwa ke auna tsayin rana ko tauraro da ita, su lissafa inda suke a doron ƙasa.

Kafin a kai ga na'urar, Clapperton ya fara buɗe taswirar sama. A cewarsa, Sarkin ya san burujai 12 baki ɗaya, ya san wasu daga cikin rukunan taurari, ya kuma san taurari da dama da sunayensu na Larabci.

Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san tarihin fannin. Da yawa daga cikin sunayen taurarin da ke cikin taswirar Turawa daga Larabci aka aro su, tun zamanin da Turai ke fassara littattafan malaman Bagadaza da Andalus. Tauraron da Turawa ke kira Aldebaran, alal misali, shi ne Dabaran da ke cikin lissafin malaman ƙasar Hausa.

Clapperton ya kuma ba da labarin wani ɗan tsaiko da aka samu a zaman. Makullin akwatin ɗaya daga cikin kayan awon ya ɓace, sai ya nemi a ara masa wuƙa domin ya ɓalle murfin. Da jin baƙon ya nemi wuƙa, sai Sarkin ya jawo takobinsa ya ajiye a gabansa. Baƙon ya buɗe akwatin ya mayar da wuƙar, aka ci gaba da duba rana.

Hirarrakin nasu ba su tsaya kan taurari ba. Bello ya yi masa tambayoyi a kan tsofaffin ɗariƙun Kirista har Baturen ya amsa cewa iliminsa bai kai nan ba. Ya kuma tayar da maganar yadda Ingilishi suka mamaye Indiya, da ruwan wutar da jiragensu suka yi wa birnin Aljiyas. Duk da haka ya nemi a aiko masa da ƙaramin jakada da kuma likita su zauna a ƙasarsa.

Littafin Uƙlidis

Clapperton ya sake dawowa a ƙarshen 1826, a wannan karo ta gaɓar teku, ya biyo ta ƙasar Yarabawa da Nufe. Cikin kayan da ya kawo akwai littattafan Larabci, har da na Ibn Sina, da kuma littafin Uƙlidis, malamin da ya rayu a Iskandariyya kimanin shekaru 300 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda ya tsara ilimin awon layuka da kusurwoyi da da'irori. A kan wannan ilimi ne aka gina lissafin tafiyar rana da wata da taurari.

Bello ya shaida wa baƙon nasa cewa da ma gidansu na da kwafin wannan littafi, wanda wani ɗan uwansu ya samo a Makka, amma ya ƙone a wata gobara da ta ci wani sashe na gidansa shekara guda kafin nan. Don haka ya nuna matuƙar godiya da samun wani.

Sai dai ziyarar ta biyu ba ta ƙare da daɗi ba. A lokacin Sakkwato da Borno na cikin yaƙi, shi kuwa Clapperton na ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka, har da makamai, zuwa ga al-Kanemi. Bello ya ƙwace kayan, ya hana shi wucewa. Clapperton ya kamu da rashin lafiya, ya mutu a Sakkwato ranar 13 ga watan Afrilun 1827, kuma baransa Richard Lander ne ya binne shi a wajen gari.

Falaki daban, duba daban

Masana sun lissafa littattafai da maƙaloli fiye da 100 da Bello ya rubuta duk da hidimar mulki da yaƙi. Akwai na siyasa, kamar Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje. Akwai na neman halal da sana'a. Akwai kuma na magani, ciki har da wanda ya yi a kan ciwon ido, da na basir, da na amfanin filasko.

Daga cikin rubuce-rubucen nasa akwai wanda ake kira Tanbihu Ahlil Fuhum, wanda cikakken sunansa ke jan hankalin masu fahimta a kan wajabcin nisantar 'yan rufa-ido da masu duba da taurari.

Mutumin da ya san burujai ya kuma yi marmarin littafin Uƙlidis, shi ne kuma ya yi wannan gargaɗi, kuma babu cin karo a tsakanin biyun. Malaman Musulunci sun daɗe da bambanta sanin tafiyar taurari domin lokaci da alƙibla da hanya, wanda suka yarda da shi, da kuma iƙirarin cewa taurari na bayyana gaibu ko suna juya rayuwar mutane, wanda suka yi tir da shi.

Hujjarsu sananniya ce. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwar ce. Manzon ya gyara musu, ya bayyana cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa.

Tarihi ya nuna irin asarar da cakuɗa fannonin biyu ke jawowa. A 1577 wani babban tauraro mai wutsiya ya bayyana, daidai lokacin da masani Taƙiyuddin ya kafa cibiyar nazarin taurari a Istanbul. Ya fassara wa Sarki Murad na Uku bayyanar tauraron da albishirin nasara a kan Farisa. Da annoba da wasu musibu suka biyo baya, masu adawa da cibiyar suka sami abin faɗa, aka rushe ta a 1580.

Shi kuwa Tycho Brahe na ƙasar Denmak, auna wannan tauraro ya yi, ya gano cewa ya fi wata nisa daga duniya. Da haka ya rusa tsohon ra'ayin Aristotle na cewa taurari masu wutsiya wani tururi ne da ke ci da wuta a cikin iskar duniya.

Taurari biyu a zamaninsa

Daga cikin taurari masu wutsiya da suka bayyana a zamanin Bello, biyu sun fi shahara. Na farko shi ne na 1811, wanda aka shafe kusan wata tara ana ganin sa da ido. A Turai mutane da yawa sun danganta shi da yaƙin da Napoleon ya kai Rasha a shekarar da ta biyo baya.

Na biyu shi ne tauraron Halley, wanda ya bayyana a ƙarshen 1835, Bello na da shekara 18 a kan gadon mulki. Wannan tauraro shi ne babban misalin abin da lissafi ke iyawa. A 1705 Edmond Halley na Ingila ya nuna cewa taurarin da aka gani a 1531 da 1607 da 1682 abu guda ne da ke kewaya rana cikin kimanin shekaru 76, ya kuma ce zai dawo wajajen 1758. Halley ya mutu a 1742, tauraron kuma ya dawo a ƙarshen Disambar 1758.

Tun daga nan aka san cewa tauraro mai wutsiya na da hanya da lokaci kamar yadda wata ke da su. Abin da ya rage shi ne sanin abin da aka yi shi da shi, kuma wannan tambaya ce ta kai ga aika kumbon Stardust.

Abin da ƙurar ta nuna

An harba Stardust a watan Fabrairun 1999. Ranar 2 ga watan Janairun 2004 ya gifta kusa da wani tauraro mai wutsiya da ake kira Wild 2, tazararsu ba ta wuce kilomita 240 ba. An sa wa tauraron sunan Paul Wild, masanin ƙasar Suwizalan da ya gano shi a 1978.

Ƙurar na zuwa ne da gudun kimanin kilomita shida a cikin daƙiƙa guda. Domin kada ta tarwatse, an tare ta da wani abu da ake kira erojel, mai kama da daskararren hayaƙi, wanda fiye da kashi 99 cikin 100 nasa iska ce. Dubban ƙwayoyi suka nutse a cikinsa, akasarinsu ba su kai kaurin silin gashi ba.

An kai su cibiyar NASA da ke Houston, daga nan aka rarraba wa masana a ƙasashe da dama, ƙarƙashin jagorancin Donald Brownlee na Jami'ar Washington. An riƙa yanka ƙwayoyin sala-sala ana duba su da na'urorin da ke girmama abu sau dubbai, ana kuma tantance sinadaran da ke cikinsu.

Tun 1950 masana suka karkata ga ra'ayin Fred Whipple na cewa tauraro mai wutsiya curin ƙanƙara ne gauraye da ƙura. Idan ya kusanto rana sai ƙanƙarar ta zama tururi ta kwashi ƙurar, wannan ne ke haifar da wutsiyar. Saboda irin waɗannan taurari sun samu ne a can nesa inda sanyi ya tsananta, an yi tsammanin ƙurar ba ta taɓa jin zafi ba.

Sakamakon farko da aka wallafa a watan Disambar 2006 ya zo da akasin haka. An sami ma'adinai irin su olibin, da wasu masu ɗauke da sinadaran kalsiyam da alminiyam, waɗanda ba sa samuwa sai a zafin da ya haura digiri 1,000. Ma'ana, sun samu ne a kusa da rana tun tana sabuwa, kimanin shekaru miliyan 4,600 da suka wuce, sannan wani abu ya watsa su zuwa can bayan duniyoyi, inda suka haɗu da ƙanƙara.

A 2009 kuma masanan NASA suka ba da sanarwar samun gilaisin a cikin kayan da kumbon ya dawo da su. Wannan na ɗaya daga cikin sinadaran da jikin halittu ke gina furotin da su. Kumbon Rosetta na hukumar binciken sararin samaniya ta Turai ya sake gano shi a jikin wani tauraron daban, aka bayyana hakan a 2016.

Irin wannan ƙura na isowa duniya da kanta. Yawancin abin da ake gani cikin dare kamar tauraro ya tsinke ya faɗi, ƙwayar ƙura ce ke ƙonewa a cikin iska. A watannin Mayu da Oktoba na kowace shekara duniya na ratsa ƙurar da tauraron Halley ya bari a hanyarsa, kuma ana iya ganin tartsatsinta daga Sakkwato kafin asuba idan sama ta yi garau.

Ƙarshen rayuwa

A shekarunsa na ƙarshe Bello ya fi zama a Wurno, ɗaya daga cikin garuruwan ribaɗi da ya kafa domin tsaron iyaka. Ya ƙarfafa wa makiyaya gwiwa su zauna a gari, su yi noma, su sa 'ya'yansu karatu. A wannan lokaci ne Alhaji Umaru al-Futi ya zauna a Sakkwato na wasu shekaru, har ya auri 'yarsa.

A 1836 ya jagoranci babban yaƙinsa na ƙarshe a Gawakuke, inda ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa. Ya rasu a Wurno a watan Oktoban 1837, wato Rajab na 1253, yana da kimanin shekara 56, bayan ya yi shekara 20 yana mulki. A can kabarinsa yake, kuma ƙanensa Abubakar Atiku ne ya gaje shi.

'Yar uwarsa Nana Asma'u da mijinta Waziri Giɗaɗo sun rubuta abubuwa da dama a kan halayensa. Ɗan 'yar uwarsa, Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda ya rasu a 1864, ya ci gaba da zurfafa bincike a fannin falsafa da tarihi.

Ana adana da yawa daga cikin littattafan Bello a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, da kuma jami'o'in Najeriya. Daga zuriyarsa aka sami Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, da ɗansa Muhammadu Sa'ad Abubakar da ya hau gadon a 2006.

Har yanzu daga fadar da ke birnin da ya gina ake sanar da Musulmin Najeriya ganin watan Ramadan da na Salla. Tauraron Halley kuwa, wanda ya sake bayyana a 1910 da 1986, lissafi ya nuna zai dawo a shekarar 2061.